Ranar da Mahautan Nima Suka Ci Sadakar Ciyaman

Ku 'yan matan yanzu kuna ba ni dariya. Yarinya ta dafa gwangwani biyu na shinkafa a kan risho, mijinta ya ce ya yi daɗi don kada a yi rigima, shi ke nan sai ta fito tana cewa ita ma za ta fara abincin taro. To, bismilla! Ku matso ku zauna, ni Azumi mai wake in gaya muku abin da ake kira girkin jama'a, don na ga kun ɗauka wuta kawai ake hurawa a zuba ruwa.

Aikin farko da aka ba ni a gidan Gwaggo Hurera, can unguwar Zongo Lane a birnin Ankara, regen shinkafa ne. Gwaggo ƙanwar babana ce, Bakatsiniya, gajera, bakinta ya fi barkononta zafi. Shinkafar arewa ta wancan lokacin kusan rabinta tsakuwa ce. Za ki zauna da ƙwarya biyu da ruwa, kina karkaɗawa a hankali, shinkafa na gangarawa, tsakuwa na kwantawa a ƙasa, har bayanki ya ƙage. In wani ya tauna tsakuwa a rumfa, Gwaggo ba ta dukana. Karɓar tsakuwar take yi ta kawo mini har inda nake, ta ɗora a tafin hannuna ta ce, "Ungo, haƙorin Malam ya ce a gaishe ki." Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban taɓa muciya ba.

Da ta ga hannuna ya faɗa, sai ta kai ni gaban tukunya. Wake da shinkafa, wanda duk Ankara ta sani da hannun matan zango, ba a haɗa su a watsa wuta. Wake ake fara sawa da karan dafi da 'yar kanwa, har ruwan ya yi ja, waken ya kusa nuna amma bai fashe ba. Sai ki tsame karan tas, ki zuba shinkafa, ki janye itace ki bar garwashi. A nan masu gaggawa suke jin kunya. Babbar tukunyar ƙarfe ba ta da imani: ƙasa ya ƙone, tsakiya ya caɓe, sama kuma ɗanye garau, duk a girki guda. Sai kin ɗora garwashi a kan murfi, kin juya da muciya daga gindi zuwa sama da ƙarfin kafaɗa, kin kasa kunne. Gwaggo kan ce in durƙusa in saurara. Tukunyar da ke da sauran ruwa kukanta daban, wadda ta fara kamu kukanta daban. Har yau ina jin girkin maƙwabta ta katanga in san ya kama kafin mai shi ta sani.

Shito kuwa, baƙin yajin nan, wuni guda ake yi a kansa. Busasshen kifi da ƙananan jatan lande da barkono da albasa, a niƙa a dutse, a soya a mai, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa har ya yi baƙi ba tare da ya ƙone ba. Kina tashi amsa sallama ya yi ɗaci, kin yi asara.

Aure ne ya kawo ni unguwar Nima, 'yan shekaru kafin a sami 'yancin kai. Na zo da tukwane biyu da Gwaggo ta ba ni, babba wadda sai mata huɗu suke ɗaga ta, da ƙarama. Abin da ya fi ba ni wuya a farko ruwa ne. A garwa muke ɗauko shi daga nesa, mu tsallako babbar gota da shi a ka. Saboda haka ranar da aka kafa famfo a unguwarmu, washegari na kwashe duwatsun murhuna na dasa su a gefensa. Duk wanda ya ba ni aikin suna ko biki ko sadaka ya san ƙa'idata: a bakin famfo nake girki, mai abinci ya aiko da fanteka a ɗauka. Masu cinikina kuwa babu irin wanda babu. 'Yan dako tun da sassafe, direbobin ƙananan motocin haya na tirotiro, fataken goro, matan ƙabilar Ga masu kifi da kan ce, "Azumi, ƙara shito, kada ki yi mini rowa." Sai kuma mahauta, waɗanda su ne ƙashin bayan sana'ata, don daga hannunsu nake samun nama da ganda, kuma ba su da ƙaramin biki.

Famfon nan a ƙofar gidan Ciyaman Bawa yake, don shi ya kawo shi. Ciyaman shi ne shugaban jam'iyya mai mulki a unguwarmu, dogon mutum mai ƙaton ciki, ba ya rabuwa da lasifika. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya yi jawabi. In kun tambayi rabin Nima, za su ce muku shi ya kawo ruwa, shi ya sa aka karɓi 'ya'yanmu a makaranta, shi ke zuwa ofishin 'yan sanda ya fito da mutum. In kun tambayi ɗaya rabin, ku shirya jin zagi. Lokacin da ake kwashe waɗanda aka ce baƙi ne masu tsaurin ido ana kai su bakin iyaka, kowa ya san yatsan wa ke nunawa. Cikin waɗanda aka loda a mota har da ƙanin Sarkin Fawa Tanko, aka raba shi da mata da 'ya'ya. Daga ranar mahauta ba su ƙara amsa sallamar Ciyaman ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Shinkafa ta ɓace daga kasuwa, sukari ya ɓace, madara da sabulu sai a labari. Mutum ya bi layi a kanti tun safe har rana ta take, a ce masa kaya ya ƙare. Ni da ake kira mai wake da shinkafa na koma dafa wake da ɓarzajjen masara, direbobi na tsokanata, "Mma Azumi, yau ma abincin kaji ne?" In ce, "Ci ka yi cara, ɗan nema." Ɗan abin da ke shigowa unguwa kuma ta hannun Ciyaman ake raba shi, wanda ya samu ya sa albarka, wanda bai samu ba ya tsine.

A cikin wannan shekarar Ciyaman ya mutu. Yana tsakiyar jawabi a bakin titi, lasifika a baki, ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Wallahi ban taɓa ganin Nima irin ranar ba. Ina tsaye a rumfata, kunnena na dama na jin kururuwar mata daga gidansa, na hagu na jin guɗa daga tsallaken gota. Wani mai shayi ya ce yau kowa ya sha kyauta, maƙwabcinsa tela ya rufe shago ya zauna yana kuka da majina. Wata tsohuwa ta zo ɗiban ruwa, ta rungume famfo tana cewa, "Wa zai kula da mu?" Ta bayanta a layi ta ce, "Inna, matsa, famfon bai mutu ba." Direbobi na ta danna ham, ba ka sanin na murna ne ko na juyayi. Waɗanda jiya suke sanye da atamfar jam'iyya, yau wasunsu sun juya ta ciki ya koma waje. Jana'iza kam ta cika maƙil, amma na ji da kunnena wani yana cewa shi ya zo ne ya tabbatar.

Addu'ar uku ita ta tona asiri. Manyan jam'iyya sun zo jana'iza da motoci, an ɗauki hoto, ba a sake ganinsu ba. Masoyansa na unguwa kuma suka ga iska ta juya, kowa ya lafe a ɗaki yana jiran ya ga inda za a faɗi. Aka shimfiɗa tabarmi, Liman da tsofaffi 'yan kaɗan suka zauna. Masar da aka aika gida-gida aka riƙa dawo da ita a rufe yadda ta tafi. Ku ba ku san nauyin wannan ba. A zango, a dawo wa mutum da sadakar mamacinsa ya fi a mare shi a kasuwa. An ce masa ke nan ko ladan loma ɗaya ba a yarda ya isa kabarin ba.

Matar Ciyaman, Yaya Asabe, ta aiko in zo, don tana takaba ba ta fita. Ita ma a hannun Gwaggo Hurera ta tashi, ita ta koya mini ɗaurin ganyen da ake zuba wake a ciki. Na same ta a kan tabarma, ta rame. Ta nuna mini rabin buhun shinkafa a lungu. Mutane na cewa gidan Ciyaman buhuna har rufi, to abin da na gani ke nan. Ko ya ɓoye a wani wuri, ko bai tara ba, Allah masani.

Ta ce, "Azumi, ki dafa mini wannan ranar addu'ar bakwai. Na san halin mijina, ba sai an gaya mini ba. Amma in aka sake dawo mini da abinci, ba zan iya ɗaga ido a Nima ba. Ina fita takaba zan tattara in bar garin."

Na ce, "Yaya, za a ci." Na faɗa ne kawai, ban san ta yaya ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Ina komawa rumfa na tarar da Sarkin Fawa Tanko da mutanensa. Ƙaƙƙarfan dattijo ne, muryarsa kamar ana mirgina ganga. Ya ce, "Azumi, walima za mu yi. Zan kayar da sa, fataken goro sun samo shinkafa buhu-buhu, kada ki tambaye ni daga ina. Ke za ki dafa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, walimar me?"

"Ta godiya ga Allah."

"Wace rana?"

Ya faɗi ranar. Ita ce ranar addu'ar bakwai, kuma da hantsi, daidai lokacin. A shekarar da mutane suka manta ɗanɗanon shinkafa, wa zai zauna a tabarmar Ciyaman alhali ana rabon nama a mahauta? In na ƙi aikin, na rasa mahauta, kuma wata za ta dafa. In na karɓa, da hannuna na kori Yaya Asabe daga Nima.

Na ce, "Sarki, na karɓa. Amma ka san ƙa'idata, a bakin famfo nake girki. Kuma gidan mamaci ma sun ba ni aiki, tukunyarsu na gefen taku."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Madalla! Ƙanshin namanmu ya shiga har ɗakinsa. Ki dafa musu a ƙaramar, ta ma yi musu yawa."

Na ce, "Sai dai fantekar babbar tukunya ba ta ɗaukuwa ga mata. Ka aiko maza."

Ya ce maza ai su ne da shi.

Ranar, ana sallame asuba muka hura wuta. Na yi girkin da ban taɓa yin irinsa ba, na kuma yi wa kowa adalci, ban ɗebi ƙwayar shinkafar Sarki na zuba a ta Yaya ba. Babbar tukunya ta cika taf, miyar nama na tafasa a gefe, mai ya taso ja wur. Ƙaramar kuma wake ya fi shinkafa yawa, babu nama sai 'yar ganda, amma na ba ta shiton da na ɓoye don kaina. Mma Adisa, Badagombar da muke aiki tare shekara da shekaru, ta leƙa ta ce, "Azumi, wannan ƙaramin tukunya, shi ne ya fi ƙanshi fa." Na ce ta rufe mini baki ta kama muciya.

Hantsi ya yi, tabarmi a shimfiɗe daga ƙofar gida har bakin famfo, don lungun ƙunci gare shi, babu wani wurin. Liman Isufu na zaune da tsofaffinsa, sauran tabarmi fayau. Liman tsoho ne tukuf, ba ya gani sosai, amma kunnensa ras. Mutane sun sha tambayata ko mun haɗa baki da shi. Ni dai na san na kai masa kunu da safe mun gaisa, kuma gaisuwar tsofaffi tana da tsawo.

Sai ga mahauta sun kunno kai, samari majiya ƙarfi da fantekoki a ka, suna tafe suna shewa. Babu hanyar zuwa tukunya sai ta gefen tabarmi. Suna kawowa daidai tsakiya Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Al-Fatiha!"

To, ku gaya mini, wane ɗan Musulmi ne zai ratsa mutane an ɗaga hannu ana Fatiha? Tun suna yara aka dake su a kan haka. Kafin su yi tunani, fanteka na ƙasa, gwiwa ta durƙusa, tafi ya buɗe. Aka shafa. Suna yunƙurin tashi Liman ya shiga salati, daga salati ya shiga yi wa iyayen duk wanda ke wurin addu'a. Wa zai tashi ana roƙa wa uwarsa gafara? Suka gyara zama, suna amin suna hararar juna.

Can mahauta aka ji shiru, aka turo wasu su dubo. Suna shigowa lungu Liman ya ji takunsu. "Al-Fatiha!" Su ma suka zube. Aka turo fataken goro, suka zube. Jama'ar da ta taru a mahauta da kwanoni ta gaji da jira ta biyo ƙanshi, masoyan Ciyaman da ke leƙe ta taga suka ga wuri ya cika, suka sako huluna suka fito. Ni ina bayan tukunya na toshe baki da gefen zane, Adisa ta durƙusa kamar tana gyara wuta, kafaɗunta na rawa. Tabarmi suka ƙare aka shiga aro a maƙwabta.

Daga ƙarshe sai ga Sarki Tanko da kansa, mai kalangu na biye da shi yana kiɗan mahauta. Mai kalangu na shan kwana ya ga hannaye a sama, ya maƙale kalangun a hammata ya tsuguna. Sarki ya tsaya shi kaɗai a tsaye, yana duban mutanensa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ya dube ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, abincinku ya nuna tun ɗazu, masu ɗauka nake jira."

Liman ya shafa addu'a, ya ce kamar yadda aka saba, "Jama'a, mamaci ya tafi inda ba ya iya ba da haƙuri. Wanda ya san ya zalunce shi, ga wuri, ya faɗa ko ya yafe."

Sarki ya ce, "Ni ya zalunta, Liman. Ƙanena a wannan lungun aka haife shi, a nan aka yanke masa cibiya. Bawa ya nuna shi aka ce baƙo ne, aka jefa shi a mota ko takalmi babu. 'Ya'yansa a gidana suke, kullum suna tambayata yaushe zai dawo. Wannan zan yafe?" Ni ma dariyar ta tsaya mini.

Sai muka ji murya daga bayan ƙofar zaure. Yaya Asabe ce, ba a ganinta.

Ta ce, "Sarki, gaskiya ka faɗa. Ya yi, kuma na gaya masa a ranar, a ɗakin nan, har ya yi kwana da kwanaki ba ya cin tuwona. Ku a titi kuke jin jawabinsa ku wuce gida ku huta. Ni a kaina yake gwada shi tukuna, da lasifikar, ina tuƙa tuwo yana ce mini 'ya ku jama'ar Nima.' In ana rabon haƙuri, a fara da ni."

Wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sai wuri ya ɗauka gaba ɗaya. Tela mai kuka na dariya, mai shayi na dariya. Wani direba ya miƙe ya turo ciki gaba, ya naɗe hannu a baki ya kwaikwayi muryar marigayi, har Liman sai da ya goge ido. Wannan ya ba da labarin yadda Ciyaman ya fito da shi daga hannun 'yan sanda sannan ya tsare shi da wa'azi har ya gwammace a mayar da shi. Wancan ya ce shi ya hana shi sukari ranar sunan ɗansa. Aka zage shi, aka yabe shi, duk a tabarma ɗaya.

Da hayaniya ta lafa Yaya ta sake magana, a hankali. "Sarki, ban ce ka yafe ba. Wannan tsakaninku ne, ni ba ni da bakin roƙonka. Abinci na dafa, wancan karon an dawo mini da shi. Ci kawai nake roƙo."

Sarki ya cire takalmi, ya tattare babbar riga ya zauna kusa da Liman. Ya ce, "Azumi, zubo."

Na ɗauki mara na nufi babbar tukunya.

Ya ce, "Ba wannan ba. Ƙaramar."

Na zuba masa a ganye, na sa ganda da shito. Duk lungun ido na kansa. Ya yi bismilla ya kai loma, ya tauna, ya haɗiye. Ya juya wajen ƙofar zaure ya ɗaga murya: "Asabe, ban yafe ba tukuna. Amma na ci." Ya waiwayo ga mutanensa. "Ku kuma me kuke kallo? Ku juye naman nan a kan na gidan, a raba wa kowa. Sa dai an riga an yanka."

Aka yi ta ɗiba. Gidajen da suka mayar da masa su ne suka aiko da manyan kwanoni. Kafin azahar babu abin da ya rage, mata na rigima a kan ƙanzo. Mai kalangu ya matso ya tambayi Liman ko ya halatta ya ɗan taɓa, Liman ya ce shi kunnensa ya yi nauyi yau, ba ya jin komai.

Da aka watse Yaya Asabe ta aiko a kai mata ƙaramar tukunyar kafin a wanke. Ni da Adisa muka ɗauka muka shiga muka ajiye a gabanta. Ta leƙa, ta sa hannu ta shafa gindin, ta duba yatsunta. Ta ce, "Ko na ɗanɗanawa ba su bar mini ba, marasa kunya." Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. A gidan nan ta ƙare takabarta, a cikinsa ta tsufa, kuma duk Babbar Salla cinyar rago na zuwa mata daga mahauta, ba a taɓa faɗin wanda ya aiko ba.